Ajin Dogon Hutu da Takabar Gwaggo

Duk damina in an ba da dogon hutu, sai in ga yaran unguwarmu a nan Bawku suna wucewa ta gaban rumfata da jakunkuna a baya, wai za su ajin hutu. Lissafi da kimiyya ake koya musu, kyauta, don 'ya'yan marasa ƙarfi su ma su samu shiga jami'a. Tafe suke suna jan ƙafa, ido a kan waya. Shekaranjiya na ji wata tana gaya wa 'yar'uwarta ita yau ba za ta ba, rana ta yi zafi, ai ticha zai turo darasin ta waya. Na ajiye albasar da nake zaɓa na bi ta da kallo har ta sha kwana. Ban tanka ba, don tsohuwa in ta fara yi wa 'ya'yan mutane faɗa sai a ce ruɗewa ta soma. Amma raina ya ɓaci, kuma ba da yarinyar nake ba. Ni ma na taɓa zama a irin wannan aji, ban kuwa gama shi ba.

A zangon Salaga, unguwar Hausawan garin, aka haife ni. Ban yi wayo sosai ba aka ba da ni riƙo ga yayar mahaifina da ke aure a Yendi, saboda Allah bai ba ta haihuwa ba. Haka ake yi a da, ba a barin ɗakin 'yar'uwa shiru alhali naka ya cika da kuka. Abin da na riƙe na Salaga kaɗan ne, ƙarar guga a bakin rijiya da ƙamshin ganyen da ake lulluɓe goro da shi. A Yendi kuwa har na girma ba a daina kirana 'yar Salaga ba. Gwaggo waakye take sayarwa a tashar lori, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Tun kafin kiran assalatu nake jin tana karya itace. Nawa aikin shi ne tsince wake, wanke ganyen naɗi, da niƙa barkonon shito, yajin da ake cin waakye da shi, har idanuna su yi jawur. In na yi mita sai ta ce, "Hannun da ya ƙi barkono ba ya rabon nama." Ba mace ce mai yawan dariya ba, amma ban taɓa kwana da yunwa a ɗakinta ba, kuma ba ta taɓa bari wani ya ce mini 'yar riƙo a gabanta ba.

Mijinta, da nake kira Baba, tsohon direba ne wanda ciwon gwiwa ya sauke daga lori. Shi ya nema wa Gwaggo wurin tebur a tasha tun yana kan ganiyarsa, shi ne kuma ya kai ni makarantar boko lokacin da zango ke ganin wannan a matsayin rashin aikin yi. Wai ya taɓa ganin likita mace a Kumasi tana ba maza umarni suna rawar jiki, tun daga nan abin ya zauna masa a rai. In dattawa sun yi masa tsiya a bakin masallaci sai ya ce, "Ni na yi yawo, ku kun yi zama. Ku bar ni da 'yata." Da haka na haura har sakandare, ina zuwa da safe ina dawowa da azahar, don kuɗin kwana a makaranta ba namu ba ne. Kimiyyarmu kuwa ta baki ce. Ba mu da ɗakin gwaji. Malam zai zana kwalba a allo da alli, ya ce, "Ku ɗauka ruwan nan ya koma ja." Sai mu ɗauka. Mun ɗauki abubuwa da yawa a wannan aji, har da wuta da tururi, babu wanda ya taɓa ƙonewa.

A wata damina sai ga 'yan jami'a, 'ya'yan arewa da suka dawo hutu, sun ce za su buɗe aji na musamman ga irinmu. Suka zagaya makarantu suka tsinci masu ƙoƙari a lissafi, na faɗo a ciki. Sharaɗin a fili yake: za a yi karatu kullum daga safe zuwa azahar har ƙarshen hutu, sannan a yi jarrabawa, waɗanda suka ci a kai su babbar makarantar kwana mai ɗakin gwaji, ba ko sisin iyaye, daga can kuma sai jami'a. Wanda ya yawaita fashi ba zai zauna jarrabawar ba. Ranar da na gaya wa Baba, sai da ya dogara sandarsa ya zagaya gidajen layinmu yana ba da labari, har da ƙarin gishiri, wai gwamnati ce ta aiko a nemo ni da sunana.

Babban malaminmu wani dogon saurayi ne ɗan Bawku, muna ce masa Ticha Dogo. Da kwali ya zo, cike da kwalabe na gaske. A gabanmu ya ɗiga wani abu a cikin farin ruwa, ruwan ya koma ja, aji ya kaure da salati. Wani yaro daga baya ya ce, "Ashe dai yana komawa!" Wata rana ya ɓare albasa, ya zare 'yar siririyar fatar nan ta ciki, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, muka yi layi. Da nawa ya zo na ga ɗakuna jere reras, kowanne da ɗigo a cikinsa, na ƙi ɗaga ido sai da aka ja mini ɗankwali. Amma lissafi ne ya fi kama ni. Kowace safiya Ticha Dogo yakan rubuta tambaya ɗaya a allo, ya ajiye alli a kan tebur ya koma gefe ya harɗe hannu. Wanda ya gano amsa ya tashi ya ɗauka. Ni da ban iya ɗaga murya a gaban maza ba, sai na tsinci kaina ina rige su zuwa allin nan. Ina jin daɗin yadda ake bin abin da aka ɓoye a hankali har ya rasa wurin ɓuya. Ban taɓa jin ni wata ce ba sai a gaban wannan allo.

Aji bai yi nisa ba zazzaɓi ya kwantar da Baba, kafin mu farga Allah ya yi masa cikawa. Gida ya cika da 'yan makoki, aka yi sadakar uku aka yi ta bakwai, aka watse. Mahaifina ya zo daga Salaga, da zai koma na bi shi har zaure ina so in yi masa zancen aji. Ya gane, ya riga ni. Ya ce, "Ke ta Yaya ce. Abin da ta ce shi ne nawa." Ya sa takalmansa ya tafi.

Gwaggo ta shiga takaba. Ta cire awarwaro, ta daina kwalli, ta ɗaura tsohon zane ɗaya, muryarta ta koma ƙasa-ƙasa. A zangonmu na lokacin, mai takaba ba ta taka ko bakin zaure har watanninta su cika. Girki tana iyawa, tunda a tsakar gida ake yi, amma tasha ta haramta gare ta. Kuma waakye abincin safe ne, lokacinsa shi ne lokacin ajina, babu ragi babu ƙari. Ana cikin haka Magajiyar tasha ta zo, shugabar mata masu sayar da abinci, wata ƙatuwar Badagomba mai Hausar tasha, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta gyara zama.

Ta ce, "Mma, ni ban zo da mugun magana ba. Amma wurinka, mutane suna kallo shi sosai paa. Mata uku ya zo wurina."

Gwaggo ta ce, "Magajiya, in na ɗauki 'yar aiki ta zauna mini fa?"

"A'a. Ka san doka. Wuri na gida ne. In ɗan gida bai zauna ba, gida ya saki. Ni ban iya canza shi kuraa, ko kaɗan." Sai ta juyo ta dube ni ina tsince wake a bakin ƙofa. "Wannan yarinya, ba 'yarka ne ba? Shi ya zauna."

Babu wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ban san abin da zan ce ba. Tebur ɗin nan shi ne abincinmu, shi ne hayar ɗaki, yanzu kuma babu Baba. Washegari na ɗauki tukunya zuwa tasha. Abin da ya fi ci mini rai shi ne makarantar da ake yin ajin ba ta da nisa. Ƙararrawarta wani tsohon ƙarfen tayar lori ne da aka rataye a bishiya, in an buga har tasha ake ji. Ina cikin zuba wa wani taliya da gari sai in ji an kaɗa, in san yanzu Ticha Dogo ya ajiye alli a kan tebur. Hannuna na naɗe ganye, zuciyata na tambayar wa ya tashi ya ɗauka. Yaran mota na ihun "Bimbilla, Salaga! Bimbilla, Salaga!" ruwan sama na ɗiga ta hujin kwanon rumfa a kan wuyana, ni kuwa ina ƙin kowa da kowa a tashar nan, har da waɗanda suka ce mini sannu.

Wata safiya sai ga Ticha Dogo a gaban teburina, laima a hannu. Ya sayi waakye don kada a ce ya zo hira, sannan ya ce, "'Yar Salaga, sunanki yana nan, ban goge ba. Amma abokan aikina sun fara magana. In ba ki dawo cikin makon nan ba, ba ni da bakin da zan kare ki." Na ce to. Na koma gida na gaya wa Gwaggo ina kallon ƙasa, ba don ina sa ran komai ba.

Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe. Can ta ce in je wurin limamin zango in tambaye shi, shin Allah ne ya hana mai takaba fita neman abinci, ko mutane ne. Na je na durƙusa na faɗa. Liman ya ce, "Gaya wa gwaggonki addini bai ɗaure ta ba. In babu mai ciyar da ita, ta fita da rana ta nemi halalinta, ba ado ba ƙamshi, ta dawo ta kwana a ɗakinta." Da na miƙe zan tafi sai ya ƙara da cewa, "Wannan shi ne littafi. Bakin mutane kuma ba ni ke riƙe da shi ba." Ban tsaya sauraron wannan ba, da gudu na iso gida.

Matan gidanmu suka yi caa a kanta. Wata ta ce ba a taɓa yi ba, wata ta ce ko kabarin mijinta bai bushe ba. Gwaggo ta ce, "Marigayin ne ya sa ta a makarantar. In na cire ta, da wane ido zan dube shi gobe?" Da safe ta yafa tsohon mayafi, ta ɗauki tukunya da kanta, ta ce mini, "Ɗauki littattafanki ki wuce, kada ki waiwayo." Na wuce ban waiwaya ba. Ranar kuwa tambayar allo ta gagari kowa, na zauna da ita har gumi ya keto mini, sannan na tashi na ɗauki alli. Da na gama Ticha Dogo ya fara tafi shi kaɗai, sai aji ya bi shi. Na dawo gida da azahar ina tsallake kwatami, ina shirya yadda zan ba Gwaggo labari.

Na tarar da tukunya a tsakar gida, a rufe. Na ɗaga murfin, tana nan yadda aka ɗauke ta, in ban da gefe ɗaya da aka ɗan taɓa. Gwaggo na zaune a bakin ɗaki da mayafinta ba ta cire ba, ƙafafunta duk laka. Mai kokon da ke kusa da teburinmu ce ta ba ni labarin daga baya. Direbobi sun zo kamar kullum, mutanen da suka shekara da shekaru suna cin abincin hannunta, abokan Baba, wasu ma shi ya koya musu tuƙi. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya yi mata gaisuwar rashi, ya yi wa mamaci addu'a, ya ajiye ɗan abin sadaka a gefen tebur, ya miƙe ya tafi teburin gaba ya sayi abinci. A wurinsu direba ba ya cin abincin hannun mai takaba sannan ya hau hanya, balle da damina, gadoji na cika, lori na kifewa. Fasinjoji suka ga direbobi sun kauce, su ma suka kauce. Wani tsohon yaron motar Baba ne kaɗai ya iya faɗa mata a fuska, yana hawaye. Ya ce, "Mma, hanya ne za mu hau, ka sani. Ka yi haƙuri." Haka ta zauna tun safe har rana ta take, ana gaishe ta da ladabi ana wuce ta, mace da ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba ana tara mata sadaka a kan teburin sana'arta.

Waakye ba ya kwana. Muka rarraba wa yaran maƙwabta, wasu iyayen ma suka karɓe daga hannun 'ya'yansu. Gwaggo ta ce, "Gobe ma zan koma. Za su gaji." Na san ba za su gaji ba, ita ma ta sani. In aka yi haka 'yan kwanaki jarin ya tafi, masu ciniki sun saba da wani tebur, mun rasa tasha mun rasa abin dafawa. Da asuba ta gama girki ta shiga ɗauko mayafi, kafin ta fito na naɗa gammo na ɗora a kaina. Ta tsaya tana kallona. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba. Ta sunkuya ta kama kunnen tukunyar ta taya ni ɗorawa.

Yanzu a kasuwar nan tamu mace tana takaba tana zaune a shagonta, ana saye ana sayarwa, ba mai ɗaga kai. Direbobin yau kuwa ko wa ya miƙo musu abinci a leda ta taga karɓa suke, ba su ma san fuskar mai dafawa ba. Ban ce zamanin nan ya fi namu albarka ba, don an rasa abubuwa da yawa, kunya ta ragu, gaisuwa ta gajarce, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Waɗancan direbobi da suka ƙi cin abincin Gwaggo su ne kuma suka ɗauki gawar Baba, su ne suka yi mana jigilar itace kyauta har takaba ta ƙare. Mutanen kirki ne. Wannan shi ne abin da ya sa zancen yake da nauyi a bakina.

Aka yi jarrabawa ba ni. Waɗanda suka ci kuwa daga tasharmu suka tashi, da akwatunan ƙarfe sababbin fenti, iyaye na ta addu'a. Ni na naɗa musu guzurin hanya. A cikinsu har da wata ƙawata wadda nake koya wa lissafi a bayan aji, ta kasa haɗa ido da ni, ni ma na taimake ta na dubi ludayina. Ticha Dogo ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu." Amma takaba ta fi hutu tsawo. Makaranta ta koma ina tasha, zangon karatu ya yi nisa ina tasha, har aka ba wata kujerata. Da baɗin ta zo ba ni cikin kowace makaranta balle a tsince ni. Ranar da Gwaggo ta fita takaba aka yi mata kitso da lalle, ta ɗaura sabon zane, mata suka yi ta barka. Ta koma tasha direbobi suka dawo kamar ba a yi komai ba, sai dai ƙarfinta ya ragu, tukunya ta koma sai da ni. A nan wani mai fataucin albasa ya gan ni, na gan shi, muka daidaita, ya kawo ni Bawku. Mutumin kirki ne shi ma, Allah ya jiƙansa.

Da tsufa ya kama Gwaggo na je na ɗauko ta, ta ƙarasa kwanakinta a ɗakina. Duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa tayar da zancen wannan damina ba. Sai a ciwonta na ƙarshe, wata la'asar ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, ta kama hannuna ta ce, "'Yar Salaga, ranar nan da na taya ki ɗora tukunya. Da ma sauke miki ita na yi."

Na ce, "Gwaggo, da me za mu ci?"

Ta ce, "Ban sani ba. Har yau ina nema, ban samu ba. Ki dai yafe mini."

Na ce mata babu komai, na yafe duniya da lahira, don ta samu ta huta. Amma ban san me na yafe ba, tunda ba ta yi mini laifi ba. Ta fita saboda ni a lokacin da babu mai takabar da ta taɓa fita. Magajiya dokar tasha ta bi, Liman gaskiya ya faɗa, Ticha ya jira iyakar iyawarsa, direbobi tsoron hanya suke ji. Na juya zancen nan a raina tun ina budurwa har na yi jikoki, ina neman mutum ɗaya da zan ɗora wa, ban samu ba. Da akwai wanda ya zalunce ni, da tuni na yafe masa na huta.